Kacalla da Ruwan da Ya Daina Janyewa: Nazarin Dausayin Haɗejiya da Nguru

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya ɗauki sunan kogin Haɗejiya, ya nausa gabas ta Ringim har ya wuce garin Haɗejiya. A can yake tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda tsofaffin tuddan yashi suka ratsa jere-jere, sai ya rasa hanya guda. Ya rabu rassa, ya bi tsakanin tuddai, ya malala cikin fadamu da tafkuna. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauchi da Katagum, shi ma haka yake yi ta kudu. Abin da ya rage na ruwan biyu yakan sake haɗuwa kusa da Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya bi ta Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar a yankin Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi.

Wannan wuri da kogunan ke bazuwa shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda ya shafi jihohin Jigawa, Yobe da Bauchi. Ana ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke cin abinci daga gare shi: Badawa, Mangawa, Hausawa da Fulani, masu su, manoman shinkafa, makiyaya, masu yankan kaba da masu haƙar kanwa. Duk wanda ya san yankin zai ce ruwa ne arzikinsa, kuma gaskiya ne. Amma abin da shekaru hamsin ɗin nan suka nuna shi ne tafiyar ruwan tana da muhimmanci daidai da zuwansa. Kifi da tsuntsu da ciyawa da itacen wannan wuri sun ginu ne a kan ruwan da ke zuwa da yawa a damina, ya bar ƙasa ta bushe ƙurmus a bazara. Da aka taɓa wannan tsari, komai ya motsa.

Yadda shekara take juyawa a da

Ruwa yakan fara hawa a watan Yuli, ya cika fadamu a Agusta da Satumba, ya soma ja da baya idan kaka ta yi. Kafin Maris ko Afrilu yawancin rassan kogin sun zama yashi, sai gurabe nan da can.

Da zarar sabon ruwa ya haura gaɓa, kifi ke binsa cikin ciyawa. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, kawara, ragon ruwa, duk a wannan ruwa mai ɗumi marar zurfi suke zuba ƙwai, 'ya'yansu kuma su sami abinci da maɓoya. Bargi yakan share wuri zagayayye a tsakiyar ciyawa, faɗinsa kamar taku ɗaya mai kyau, ya tattare karan da ya tsinke ya yi masa katanga, ya tsare ƙwansa a ciki. Gaiwa kuwa lissafinta na rani ne. Idan ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar fata, ta bar 'yar ƙofa da take shaƙar iska. Haka za ta kwanta watanni a ƙarƙashin ƙasar da shanu ke takawa, har ruwan wata damina ya jiƙa ta. Halitta irin wannan ba ta san kogin da ba ya ƙafewa ba.

Manomi yana shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, ta tashi tare da shi. Idan ya janye, sai a bi sawunsa da wake da kankana da rogo a kan danshin da ya bari, gero kuma yana kan tudu. Bayan girbi Fulani ke shigowa da garkuna daga nesa, su ci burgu da roba, ciyayin da ke tsirowa cikin ruwa su kwanta kore shar idan ya tafi. Kashin shanun nan shi ne takin da ruwa na gaba zai narkar, ya ciyar da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Fili guda yakan yi wa masunci aiki a Satumba, manomi a Disamba, makiyayi a Maris.

Itatuwa ma da nasu rabon. Bagaruwa da giyayya suna jure tsayuwa cikin ruwa na wasu watanni, amma dole saiwarsu ta sha iska daga baya. Goruba tana bakin fadama inda ruwan ƙasa ke kusa. Shi kansa ruwan ƙasar daga ambaliyar yake samuwa: abin da ya tsuma ta cikin yashi shi ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi.

Sai tsuntsaye. An rubuta nau'i sama da 370 a wannan yanki. Akwai 'yan gida irin su dinya, ɗani, kirinjijiya, zalɓe, jinjimi da balbela. Akwai kuma baƙi, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke gudo wa sanyin Turai da Rasha, su tsallako Sahara su sauka nan daga Oktoba zuwa Maris. Ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 ta sha samun tsuntsayen ruwa tsakanin 200,000 zuwa sama da 300,000. Abin da ke kawo su shi ne bakin ruwa mai ja da baya, inda kullum sabuwar laka ke buɗewa da tsutsa da tsabar ciyawa da shinkafar da ta zube.

Madatsun ruwa

An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Na Challawa, kusa da Ƙaraye, ya biyo baya a 1992. An kuma datse kogin a yankin Auyo domin aikin noman rani na kwarin Haɗejiya. Tiga da Challawa su biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke da makullinsu.

Ba adalci ba ne a yi maganar waɗannan madatsu kamar ba su amfani kowa ba. Birnin Kano yana shan ruwansu. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da alkamar Bunkure daga Tiga suke. An gina Tiga ne ana tsakiyar farin farkon shekarun 1970, lokacin da duk mai hankali ke neman hanyar adana ruwa. Kuskuren yana wajen lissafi: an ɗauki ruwan da ke malala a fadamun Haɗejiya da Nguru a matsayin asara, ruwan da ke lalacewa a daji, alhali yana ciyar da mutane da yawa fiye da waɗanda za su sami fili a cikin aikin ban-ruwa.

Sakamako na farko kowa ya gan shi. Ambaliyar damina da kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000 a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Fari yana da nasa laifin a ciki, musamman na 1983 da 1984, amma ko a shekarun da sama ta yi kyau ambaliyar ba ta koma yadda take ba.

Sakamako na biyu a hankali ya shigo, kuma da farko ma murna aka yi da shi. Tunda Kano na bukatar ruwan sha kullum, gonakin rani kuma na bukatar ban-ruwa, sai aka riƙa sakin ruwa daga madatsun duk tsawon rani. Abin da ya wuce bukatarsu, da wanda ya tsiyayo daga gonaki ɗauke da ragowar takin zamani, ya riƙa gangarowa ƙasa. Kogin da aka sani yana ƙafewa watanni ya zama mai gudana shekara zagaye, ba da ƙarfi ba, a hankali, ba zurfi. Babu yanayin da kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ke so kamar wannan.

Kacalla

Ba daga wata ƙasa aka shigo da ita ba. Tana nan tun da, a bakin wasu tafkunan da ba sa ƙafewa, ba ta dami kowa ba, ana ma yin asabari da jinka da ita. Abubuwa biyu ne ke riƙe da ita a da: bushewar bazara da ke kashe saiwarta, da ƙarfin ruwan damina da ke tumɓuke abin da ya tsaya masa a hanya. Madatsun sun cire duka biyun.

Tsayinta yana wuce mutum nesa, ta kai mita uku. Kanta guda, wanda ya yi kama da zangarniyar gero, yana ɗauke da iri dubun dubbai masu laushi kamar auduga, iska ta kwashe su ta watsa. Inda ta kama kuwa ba ta ƙara bukatar iri, domin saiwarta tana rarrafe a ƙarƙashin laka tana fitar da sabbin tsirrai, har wuri ya cushe yadda kwalekwale ba ya ratsawa. Ruwa idan ya shiga cikinta gudunsa yana raguwa, sai ya sauke yashi da lakar da ya ɗauko. Ƙasan kogi ya ɗaga, zurfi ya ragu, kacalla ta ƙara samun wurin zama. Kowace shekara tana gyara wa kanta shimfiɗa.

A ƙasa da garin Haɗejiya kogin yana da manyan hanyoyi uku: tsohon kogin Haɗejiya, Burum Gana, da mashigar Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Akwai kuma reshen Kafin Hausa da ke ballewa tun sama. Da yashi da kacalla suka toshe bakin tsohon kogin da na Burum Gana, sai mafi yawan ruwan ya karkata Marma. Kafin farkon shekarun 2000 abin ya zama masifa iri biyu a wuri ɗaya. Ƙauyukan da ke bin Marma har Nguru ruwa ya kwanta a gonakinsu rani da damina, kacalla ta cinye filayen shinkafa, kanwa ta taso a wasu wuraren ta ƙone ƙasa. Ƙauyukan da ke bin Burum Gana kuwa, tazarar wasu kilomitoci kaɗan, suna kallon busasshen rafi. Kogin Haɗejiya ya zama kusan ba ya kai komai Gashuwa. Manoma ma sun ƙara dagula lamarin ba da niyya ba, domin kowa ya ga ruwa na wuce shi sai ya fasa gaɓa ya ja nasa, kowace sabuwar fasa kuma sabuwar hanya ce ga kacalla.

Abin da ya fi ciwo a wajen halittun wurin shi ne iri-iri ya koma iri guda. Inda da akwai buɗaɗɗen ruwa da bado a tsakiya, burgu a gefe, laka a baki, kurmin bagaruwa a baya, kowanne da masu zama cikinsa, yanzu kacalla ce daga nan har inda ido ya tsaya. Agwagin da ke bukatar sarari su sauka ba su da wuri. Masu tsinka a laka ba su da laka. Burgu ya ja baya, makiyayi ya rasa abincin rani, ya matsa kusa da gonar da ta rage, rigima ta tashi. Itatuwan da ruwa ya daina sauka daga gindinsu suka mutu a tsaye, na ɓangaren da ya bushe kuma suka mutu da ƙishi.

Gaskiya ne wasu sun ci riba. Zalɓe da wasu tsuntsayen da ke son duhuwa suna samun maɓoya a cikinta, kifi ma yana shiga ya tsira daga raga. Amma babban wanda ya ci riba shi ne jan-baki. Wannan ɗan tsuntsu mai tafiya dubu-dubu ya sami makwanci da ba mai iya kai masa, ga ruwa a ƙasa, ga shinkafa da gero da alkama a kusa. Manomin yankin ya san abin da ake nufi da tsaron tsuntsu: yara da manya a kan rumfa tun asuba, igiya da gwangwanaye, ihu har murya ta dushe, kuma duk da haka garke guda ya sauka na ɗan lokaci ya bar zangarniya fayau. Idan kuka ya yi yawa sai gwamnati ta turo jirgi ya yi feshi a makwancinsu da magariba. Maganin da ake fesawa ba ya tantance jan-baki da sauran tsuntsaye. Yana kashe na kusa da su, ya kashe shaho da mujiyar da suka ci gawarsu, sauran kuma ya sauka a ruwa. Ga sauro, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ga mutane da tsutsar hanta ga shanu, duk ruwan kwance ne gidansu.

Ba kacalla kaɗai ba

Ko da babu ita, dausayin yana shan matsi. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, kuma injin ban-ruwa mai amfani da fetur ya yi araha, an sare kurmin bagaruwa mai yawa a bakin koguna an mai da shi gona. Itacen girki yana fita mota-mota zuwa birane, bandar kifi ma itace take ci. Goruba tana shan yanka tun tana kaba, ba a barin ta ta zama bishiya. A ruwa kuma idon raga sai ƙara ƙanƙancewa yake, kuma dumba, wato jera gurar Mali a datse mashigi daga gaɓa zuwa gaɓa, tana kama kifin da ke komawa kogi babba da ƙarami ba ta bar na iri ba. Giwan ruwa da yauni, manyan kifayen da ake alfahari da su, sun yi wuya. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusa ɓacewa daga ƙasar baki ɗaya, saboda kamun da ake yi mata ana sayar wa masu son ado a gida da kuma rashin wurin sheƙa.

Waɗannan duka gaskiya ne, kuma kowanne na bukatar magani. Sai dai a ganina an fi son maganarsu saboda laifin yana sauka a kan talaka mai gatari ko mai raga, wanda ake iya kamawa. Wanda gonarsa ta nutse, kamunsa ya ragu, me ya rage masa in ba itace da ƙaramar raga ba?

Abin da aka gwada

Ta fuskar takarda, wuri kaɗan ne a Najeriya ya sami kariya irin ta wannan. Tafkin Dagona yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, kuma Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, suka zama wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Dagona da dausayin Baturiya na jihar Jigawa sun shiga a 2008. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya, Nguru da Bade a matsayin wurin kiyaye halittu, kuma a shekarar gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga Baturiya ta zama gandun daji na ƙasa. Duk wannan yana da amfani wajen hana farauta da sara. Amma ma'aikacin gandu a Dagona ba shi da iko a kan bawul ɗin da ke Tiga, fiye da kilomita 200 daga inda yake tsaye, kuma wannan bawul ne ke yanke ko tafkinsa zai cika, ko zai ƙafe, ko kacalla za ta rufe shi. Mashigar Marma ta shiga jerin Ramsar ne daidai lokacin da kacalla ke cinye ta.

Aikin kiyaye dausayin da aka fara a 1987, tare da ƙungiyar kiyaye muhalli ta duniya, IUCN, da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na waje, ya faro ne da tsuntsaye, amma bai jima ba ya gane cewa maganar ruwa ce. Daga cikinsa aka sami binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990. Sun auna abin da noma da su da itace ke samarwa a fadama, suka kwatanta da abin da aikin ban-ruwa na kogin Kano ke samarwa, suka tarar cewa idan aka yi lissafi da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta yi wa aikin ban-ruwa fintinkau. Kuma ba su sa kiwo da cika rijiyoyi a wannan lissafi ba. Masana ruwa na lokacin suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun a damina, a kwaikwayi ambaliya. Shawarar ba ta zama ƙa'idar aiki ba.

A shekarun 2000, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, aka haɗa ƙauyuka suka fita aikin gayya domin buɗe hanyoyin da suka toshe, ciki har da Burum Gana. Wanda bai ga wannan aiki ba ba zai san nauyinsa ba. Mutum yana cikin ruwa har ƙirji, ƙafarsa a laka, matsattsaku na kama shi, ganyen kacalla na yanka masa hannu. Lauje ko adda yake kaiwa ƙasa, domin dole a yanke karan a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa, ta cikin ganyen ne iska ke sauka zuwa saiwa. Idan aka yanke ƙasa da fuskar ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar sai ta shaƙe. Yankan sama ko sa wuta aski ne kawai, bayan 'yan makonni ta fito fiye da da. Kuma ko yankan ƙasan sai an maimaita shi sau biyu ko uku kafin ta karaya. Wasu na yanka, wasu na jan abin da aka yanka zuwa gaɓa, tunda idan aka bar shi zai gangara ya toshe gaba. Inda aka yi haka ruwa ya koma, ƙauyukan da suka shekara da shekaru ba su ga kogi ba suka sake shuka da su. Aikin ya tabbatar da cewa ana iya juya lamarin. Ya kuma nuna iyakarsa, domin duk inda aka yi sakaci shekara biyu sai ta dawo.

A 2006 gwamnonin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince a Damaturu da tsarin kula da kwarin gaba ɗaya, aka kafa asusun amana na kogunan Haɗejiya, Jama'are, Komadugu da Yobe. A nan na sama da na ƙasa suka zauna a matsayin masu kogi ɗaya, kuma tunani ne mai kyau. An tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Daga baya shirin TRIMING na inganta noman rani na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya kawo gyaran madatsu da hanyoyin ruwa, har da gwajin mai da kacalla abincin dabbobi da iskar gas ta girki tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Gwamnatin Jigawa kuma ta sa injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa suna yashe kogi, musamman bayan ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda toshewar hanyoyin ruwa ta ƙara musu muni.

Ina goyon bayan a ci moriyar kacalla. A kwarin kogin Senegal, inda ta mamaye bayan gina dam ɗin Diama a 1986, ana yin gawayi da ita, kuma duk buhun gawayin kacalla bishiya ce ta tsira. Amma kada a ruɗi kai cewa kasuwa za ta cinye ta. Tana tsirowa da saurin da ya fi ƙarfin adda da inji, muddin ruwan da take so yana nan.

Inda maganin yake

Akwai misali kusa da mu. A arewacin Kamaru, dam ɗin Maga da aka gina a 1979 ya hana kogin Logone malala a fadamar Waza, ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa gaɓar da ta toshe wani mashigi aka mayar da ruwan damina, aka ƙara a 1997. Cikin 'yan shekaru ciyayi masu daɗewa suka dawo, kifi da tsuntsaye da garkuna suka biyo. Ba a shuka komai ba, ba a kawo kifi daga wani wuri ba. Lokacin ruwa aka gyara.

Dausayin Haɗejiya da Nguru yana bukatar irin wannan ta fuska biyu. A damina a saki ruwa mai ƙarfi a lokacin da aka sanar tun da wuri, daidai da hawan Jama'are, domin ya wanke hanyoyi ya kai fadamun da suka bushe. A rani kuma a daina sakin abin da ya wuce bukata, a bar rassan kogin su bushe na wasu watanni. Na biyun ya fi wuya, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Shekaru da dama ke nan dubban manoma a Jigawa da Yobe sun kafa rayuwarsu a kan ruwan rani, da injinsu da tattasai da albasa da alkama. Ba za a wayi gari a ce musu kogi zai ƙafe ba. Abin da zai yiwu shi ne karɓa-karɓa: a gina ƙofofin raba ruwa a inda kogin ke rabuwa, kamar wanda aka daɗe ana magana a kai a Likori, a busar da reshe ɗaya bana a yashe shi a ƙone saiwar, wani reshen baɗi, a kuma taimaka wa waɗanda abin ya shafa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi na wannan shekarar. Kano ma za ta rage abin da ake saki dominta idan aka gyara mashigan injinan ruwanta da bututun da ke zuba a titi.

Wannan ba ya yiwuwa sai da ma'aunin ruwa masu aiki a Wudil, Haɗejiya, Likori da Gashuwa, ana karanta su kullum ana bayyana wa jama'a. Kuma ba ya yiwuwa sai an dawo da sarakunan ruwa da bulamai da arɗaɗɗan Fulani cikin shawara. Al'adar rufe gurbi a hana su sai ranar da aka buɗe, wadda bikin kamun kifi na Bade a Gorgaram ya samo asali daga irinta, ita ce dokar kiyaye kifi da mutanen wurin suka yarda da ita tun kafin a kafa ma'aikata. Hana dumba zai fi kamawa daga bakin sarkin ruwa fiye da daga takardar da aka buga a Dutse ko Damaturu.

Saura Jama'are. Shi ne babban kogin da har yanzu ba a datse ba a wannan kwari, kuma kusan duk ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam da gonakin tattasan Diffa nasa ne. Fadamun da suka fi lafiya a dausayin, inda burgu da kurmi da kifi suka fi saura, na ɓangarensa ne, saboda har yau yana hawa a damina yana sauka a rani. Dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kansa a jihar Bauchi an fara shi an tsaya fiye da sau ɗaya tun shekarun 1980, Yobe da Borno sun nuna adawa, kuma duk bayan ambaliya ko tsadar abinci sai maganarsa ta sake tasowa. Mutanen Bauchi suna da haƙƙin neman noman rani kamar yadda Kano ta samu. Amma idan har za a gina shi, ƙofofinsa su zama masu girman da za su iya sakin ambaliyar damina, a rubuta yawan ruwan da watannin sakinsa da watannin rufewa cikin doka, jihohin ƙasa da Jamhuriyar Nijar su sa hannu, kuma a fara ganin an yi aiki da irin wannan doka a Tiga da Challawa na wasu shekaru kafin a zuba kankare a Kafin Zaki.